Shin janye talla na iya ladabtar da mai shirin siyasa a rediyo?

Ka tambaya ko janyewar masu talla tana hukunta mai gabatar da shirin siyasa da ya yi ɓatanci. Tana yi, amma ƙarfinta ya danganta da yawan masu sauraronsa.

A Amurka, a ƙarshen Fabrairun 2012, Rush Limbaugh, mai gabatar da shirin siyasa a rediyo, ya kira Sandra Fluke, ɗalibar shari'a a Jami'ar Georgetown, karuwa, saboda ta nemi inshorar lafiya ta riƙa biyan kuɗin maganin hana ɗaukar ciki. Wasu kamfanoni suka janye tallansu, ya nemi afuwa a ranar 3 ga Maris, sannan Carbonite da ProFlowers ma suka janye, amma shirinsa ya ci gaba har rasuwarsa a 2021, domin miliyoyin masu sauraro ba su guje shi ba.

Don Imus kuwa, shi ma mai gabatar da shiri a rediyo, bai tsira ba a 2007, bayan ya ci zarafin 'yan wasan kwallon kwando mata na Jami'ar Rutgers. Da kamfanonin Procter & Gamble da General Motors suka janye tallansu, gidan rediyon CBS ya sallame shi cikin kwanaki, ko da yake wata tashar ta ɗauke shi kafin shekarar ta ƙare.