Furosesa iri ɗaya, maki daban: wa ya taɓa ma'aunin?

Tambaya daga wani matashi a Aboabo, Kumasi: Malam, ni da abokina muna haɗa bidiyon biki. Mun sayi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) iri ɗaya, Core i7-8700K na hannu, a Adum, kuma RAM ɗinmu daidai yake. Madabod, wato babban allon da ake jona komai a kansa, shi ne kawai ya bambanta. Da muka gwada da Cinebench, manhajar auna ƙarfin furosesa, sai tasa ta fi tawa maki sosai, amma fankarsa kamar injin niƙa. Shin an cuce ni ne?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, da wuya a ce an cuce ka. Abin da na fi zato shi ne madabod ɗin abokinka yana tura furosesa fiye da yadda Intel ta tsara, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Wannan furosesa da ya fito a 2017 yana da ƙwayoyin aiki shida. Idan ƙwaya ɗaya ce ke aiki, tana iya kai gigahaz 4.7. Idan duka shidan suka kama aiki tare, kamar lokacin fitar da bidiyo, sai su sauko zuwa 4.3, don kada zafi da cin wuta su wuce kima. Haka aka ƙera shi. To amma masu ƙera madabod sun daɗe da wata dabara: su sa duka shidan su tsaya a 4.7. ASUS tana kiran nata MultiCore Enhancement, MSI kuma Enhanced Turbo, sauran ma kowa da sunan da ya raɗa wa nasa. Daga 4.3 zuwa 4.7 ƙarin kusan kashi 9 cikin ɗari ne, kuma ba a samunsa a banza, domin sai an ƙara wa furosesa ƙarfin lantarki kafin ya iya riƙe wannan gudun. Kukan fankar abokinka daga nan yake.

Ƙara wa kwamfuta gudu ba laifi ba ne. Harafin K da ke ƙarshen sunan furosesanka ma alama ce cewa an bar ƙofa a buɗe ga mai son yin hakan da hannunsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɓoyewar. A madabod da dama za ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka tarar da saitin a kan Auto, kai kuma ka ɗauka Auto na nufin "yadda ya fito daga masana'anta", alhali a wajensu yana nufin "a kunne". Mutum bai nemi a ƙara masa gudu ba, bai san an ƙara ba, ya sa ƙaramar fanka daidai kuɗinsa, sai kwamfuta ta riƙa ɗaukar zafi yana zargin mai shago.

Me ya sa suke yi? Saboda madabod biyu masu chipset ɗaya (guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan), in ka bar su a kan ƙa'ida, kusan maki ɗaya za su bayar. Kamfani kuwa yana son sunansa a saman jadawalin masu sharhi. Kamar mai sayar da masara ne a kasuwa da ya ɗan bubbuga gindin olonkarsa (gwangwanin awo) ya faɗaɗa, kowa ya ce awonsa ya fi albarka, bambancin kawai a nan kai ne ke biyan ƙarin da wutarka. Akwai ma wata ƙaramar dabara da ta girmi wannan. Agogon tushe na madabod megahaz 100 ne, ana ninka shi a sami gudun furosesa. In aka ɗaga shi zuwa 101, sau 47 ya zama 4747 maimakon 4700. Ba abin da za ka ji a jikinka, amma ya isa ya ɗora kamfani a kan abokin hamayya a jadawali.

Babbar ɓarnar tana wajen iyakar wuta. Intel tana da ma'auni uku: PL1, wutar da furosesa zai ci na dogon lokaci, PL2, wadda zai ci na ɗan lokaci, da Tau, tsawon wannan ɗan lokacin. A Core i9-10900K, misali, wat 125 ne da wat 250 da daƙiƙa 56. Ya yi tsere na kusan minti ɗaya, ya dawo tafiya. Masu madabod da yawa sai suka cire iyakar gaba ɗaya, har za ka ga an rubuta wat 4095 a gurbin, adadin da babu kwamfutar gida da za ta taɓa kaiwa. Intel ma ba ta da bakin magana sosai, domin shekaru ta yi tana ɗaukar waɗannan lambobi a matsayin shawara, tana kuma cin moriyar makin da ake samu. Sai a 2024, da manyan furosesa na zubi na 13 da na 14 irin su 13900K da 14900K suka fara tsinkewa ana tsakiyar wasa, ta matsa a saka Intel Default Settings a BIOS, inda iyakar waɗannan furosesa biyun take wat 253. Gaskiya dai laifin bai tsaya kan masu madabod ba. Intel ta amsa cewa umarnin cikin furosesan da kansa yana neman lantarki fiye da kima, ta fitar da gyara a watan Agusta da Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Ɓangaren AMD, abokiyar hamayyar Intel, ma bai tsira ba: a 2020 manhajar HWiNFO ta ƙara wani ma'auni da ke tona madabod da ke yi wa furosesa ƙaryar cewa wutar da yake ci ba ta da yawa, don ya ƙara gudu.

Saboda haka duk makin da ka gani a intanet, ka tambayi kanka a kan wane madabod aka gwada, da wane saiti, da wace fanka. Mai sharhin da ya san aikinsa yana faɗin waɗannan a fili. Wanda ya yi shiru a kansu, makin madabod ya nuna maka, ya lika wa furosesa.

Don ku raba gardama, ku sauke HWiNFO, ku kunna Cinebench R23 na minti goma cikakku, ku duba gudun ƙwayoyin da zafinsu. In taka tana 4.3 tasa tana 4.7, magana ta ƙare. Ka kuma lura da abin da zai faru bayan minti biyar, don sau da yawa mai gudun farko zafi ne ke karya shi.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu a Asawase: To mu da ba wasa muke yi ba, mu kashe abin ne ko mu bari?

Amsa: Hajiya, ki sa a kashe. Waɗanda ke gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi. Mu kuwa ga zafin watan Maris, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga mita mai kati da ke cin kuɗi, ga dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta. Buga takarda da gyaran hoton fasfo ba sa buƙatar wannan ƙarin ko kaɗan.

Idan kwamfutarki irin ta ofis ce da ta zo a haɗe, kamar Dell OptiPlex ko HP ProDesk da suka cika shagunan kayan hannu, ba ki da wannan damuwar, domin irinsu ba sa zuwa da saitin. In haɗa ta aka yi, mai gyara ya danna Delete ko F2 lokacin kunnawa, ya nemo sunan da na ambata a sama, ya mayar da shi Disabled, ko ya zaɓi wanda ke cewa a bi iyakokin Intel. Ya ɗauki hoton shafin da waya kafin ya taɓa komai. Kada kuma a sabunta BIOS sai an jona UPS, don in wuta ta ɗauke ana tsakiya, madabod na iya mutuwa. Na taɓa rasa guda a haka, har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sabon Zongo: Wayoyi ma suna yin haka?

Amsa: Suna yi, kuma nasu ya fi muni, don wayar ce ke gane manhajar gwaji ta saki gudu, in ka rufe ta koma yadda take. An kama Galaxy S4 da wannan a 2013, a 2018 kuma masu manhajar gwaji ta 3DMark suka cire Huawei P20 daga jadawalinsu saboda dalili ɗaya. In mai shago ya nuna maka makin manhajar gwaji ta AnTuTu, ka ce ya bar ka ka ɗauki bidiyo na minti goma, sannan ka taɓa bayan wayar.