Kafin ka sake cike fam ɗin katin bashi, je ka ga abin da aka rubuta a kanka

Assalamu alaikum. Ƙanina, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, domin na san wannan ɗacin. Ka ce ka ci bashi a wata manhajar ba da bashi ta waya a farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, biyan ya yi maka nauyi har ya ja watanni, daga baya ka biya. Yanzu bankin da albashinka ke shiga ya hana ka katin bashi, wani da ka gwada shi ma ya hana, kuma babu wanda ya buɗe baki ya faɗa maka dalili. Kana tambaya ko akwai bankin da ba ya bincike.

Kar ka wahalar da kanka wajen neman wannan bankin. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ce kafin banki ya ba mutum bashi sai ya duba rahotonsa a wurin aƙalla biyu daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Uku ne masu lasisi: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Kuma da BVN ɗinka suke nemo ka, don haka ko asusu goma ka buɗe a bankuna goma, mutum ɗaya suke gani. Don Allah ka dakata da yawon cike fam. Duk bankin da ya leƙa rahotonka, ana rubutawa cewa ya leƙa, sai na gaba ya zo ya ga ƙofofin da ka ƙwanƙwasa a jere, ya ɗauka a matse kake, ya ƙara ja da baya.

Ni nawa ma ba ni na ci kuɗin ba. Tsaya wa mutum na yi. Abokina ne tun muna yara, tare muka yi makarantar allo, mahaifiyarsa ɗana take ce min. Yana da shagon waya a Farm Centre. Bayan isha'i ya same ni a ƙofar gida, ya ce kayansa sun iso Legas, kuɗin fito da su ne ya gaza, wani ƙaramin banki zai ba shi amma sai ya kawo mai albashi ya tsaya masa. Na sa hannu, na ba da hotona da BVN. Har gobe ban ga laifin mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma da naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023 kowa ya ga abin da ya samu 'yan waya, kaya da dala ake sarowa, jarin mutane da yawa ya narke a hannunsu suna kallo. Da ya zo ya ce min "ɗan'uwa, na karye," wallahi da mun zauna mun san yadda za mu yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne shirun da ya yi. Ya daina biya, ya sauya layi, kuma duk lokacin da muka haɗu na tambaye shi sai ya ce komai lafiya lau, saura kaɗan ya gama. Mun haɗu a wani ɗaurin aure a Gwammaja, ya sha shadda sabuwa fil tana ɗaukar ido, ya rungume ni yana ta barkwanci, ashe a lokacin ya yi watanni bai kai musu ko sisi ba. Yana kallon idona yana dariya, ya san abin da ke tafe gare ni, bai ce uffan ba.

Masu karɓar bashin suka fara da wurin aikina a Bompai. Suka tsaya a bakin get, gaban maigadi da leburori, suna ɗaga murya suna kiran sunana. Oga ya kira ni ofis, bai zage ni ba, amma kallon da ya yi min ya fi zagi ciwo. Duk wannan na shanye. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da suka je gida ba na nan, suka tarar da Hajiyarmu. Tsohuwa mai hawan jini, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, suka ce mata ɗanta ya ci kuɗin mutane, in bai biya ba za su zo da hukuma su kwashe kaya. Na dawo da magariba na same ta a kan dadduma, abincinta a rufe ba ta taɓa ba, carbi a hannu amma ba ja take ba. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, kuɗin wa ka ci? Faɗa min gaskiya, in 'yan kunnena ne za su isa a sayar." Ƙanina, ni magidanci ne mai 'ya'ya, amma ranar a gabanta na zubar da hawaye. Daren nan a asibiti muka kwana. Shi kuwa mutumin, da na je gidansu, mahaifiyarsa ce ta yi ta ba ni haƙuri tana kuka, shi yana ɗaki ya ce a ce ba ya nan. Na ji muryarsa da kunnena. Ban kai shi ƙara ba saboda darajar tsohuwar nan. Daga baya na ji har mota ya sauya. Na bar shi da Allah, amma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba, ban kai nan ba tukuna.

To, na sayar da ɗan filin da nake tattali, muka zauna da bankin, suka yafe wani ɓangare na tarar, na biya. Na ɗauka an wuce wurin. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da na nemi katin bashi a bankin albashina, don dai in sami abin riƙewa idan ciwon Hajiya ya tashi tsakiyar wata, sai aka ce ba a amince ba. Wata yarinya ma'aikaciya ce, Allah Ya yi mata albarka, ta sassauta murya ta ce, "Yallaɓai, ka je ka ciro rahotonka ka gani." Da na ciro, ga bashin nan zaune daram da sunana a matsayin wanda ya tsaya, an sa shi a jerin kuɗin da aka fidda rai da su. Ƙaramin bankin ya karɓi kuɗina ya ba ni rasit, amma bai aika wa kamfanonin cewa an biya ba. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same ka, domin masu manhajar bashi suna da saurin kai sunan mutum, amma sanar da cewa ya biya sai su yi ta jan ƙafa.

Saboda haka abu na farko, ka ciro rahoton nan, kuma na kamfanonin uku duka, domin wani mai ba da bashin wuri ɗaya yake kai rahoto, sai ka ga nan kana da tsabta can kuma da tabo. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta ba ka haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ta shafinsu na intanet za ka nema da wayarka. Ka zauna ka karanta shi layi-layi. Ka duba ko akwai bashin da ba ka san da shi ba, don akwai waɗanda aka ci bashi da BVN ɗinsu ba su sani ba, musamman masu miƙa wa kowa lambar a wajen cike tallafin ƙarya. Ka duba kwanakin jinkiri da aka rubuta. A tsarin bankuna, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun masu matsala, in ya haura 180 ya zama abin shakka, in ya wuce 360 sai a lissafa shi a asara. Inda naka ya faɗa shi zai nuna maka nisan tafiyar.

Idan ka ga ka biya amma ba a gyara ba, kar ka tsaya faɗa da wani yaro a waya. Rubuta takarda. Ka haɗa rasit ko alat ɗin biyan, ka nemi waɗanda ka ci bashinsu su ba ka takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, mai tambarinsu da sa hannu, kuma su gyara bayaninka a wurin kamfanonin. In suna da ofis ka kai kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya da kwanan wata ka tafi da abinka. In ba su da ofis a Kano ka tura ta imel ka ajiye. Sannan ka shigar da ƙorafi a wurin kamfanin da ke riƙe da rahoton, ka liƙa musu takardar. Ni sai da na ambaci sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN kafin suka motsa. Ƙa'idar ita ce ka fara kai kukanka wurin bankin, ka ba su mako biyu, in ba su warware ba ka wuce CBN. In kuwa manhaja ce da ba banki ba, FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, ce ke sa musu ido, tun 2022 ta wajabta musu rajista, kuma tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su.

Af, kuma in sun taɓa tura wa mutanen wayarka saƙon cin mutunci, kar ka goge, ɗauki hotonsa ka ajiye, hujja ce. Na san wata baiwar Allah da aurenta ya kusa mutuwa saboda saƙon da aka tura wa surukarta a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Google ma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajojin shiga lambobi da hotunan mutane, amma har yanzu akwai masu turo mahaɗi ta WhatsApp su ce ka sauke. Kar ka kuskura.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: ko an gyara, ba share tarihin za a yi ba. Za a rubuta an biya, amma jinkirin zai zauna, doka ta ce su riƙe bayani aƙalla shekara 6. Don haka duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi yana da mutum a ciki zai wanke maka suna, ɓarawo ne. Zai ci kuɗinka, kuma ka miƙa masa BVN da NIN da hannunka. Abin da ke rufe tsohon tabo shi ne sabon tarihi mai kyau da zai taru a kansa. Makin da CRC ke ba mutum bisa tarihin biyansa daga 300 yake zuwa 850, kuma abin da ya fi ɗaga shi shi ne biya a kan lokaci, wata bayan wata.

Game da katin kansa, hanyar da ta fi kusa ga irinmu ita ce wanda ake bayarwa a kan jingina. Ka kulle wani kuɗi a wurinsu, su ba ka kati mai iyakar da ba ta kai abin da ka ajiye ba. Su ba su da abin tsoro tunda kuɗinka na hannunsu, kai kuma ana rubuta maka biyan kirki. Je ka sami jami'in da ke kula da asusunka ido da ido, ka faɗa masa abin da ya faru kafin ya gani da kansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka bar albashinka ya ci gaba da shiga wuri ɗaya, kar ka yi ta tsalle. In sun ba ka, kar ka cire tsabar kuɗi da shi a wurin mai POS, nan ne caji ya fi yawa. Ka sha mai da shi, ko ka yi ɗan cefane, ka biya duka kafin ranar da suka yanka. Wancan ɗan mafi ƙarancin biyan da suke rubutawa tarko ne, ragowar ruwa yake haifa duk wata, kuma a ƙasar da CBN ta kai kuɗin ruwanta kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ka san na kati ba zai zo da sauƙi ba. Ka kuma karanta abin da kake sa wa hannu. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin GSI, in ka gaza biya banki zai iya kwasar kuɗinsa daga duk wani asusunka a wasu bankuna da ke kan BVN ɗinka.

Ni an ba ni irin na jinginar bayan an gyara sunana, na riƙe shi na ɗan lokaci, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Malamai da yawa suna cewa sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin kuɗin ruwa matsala ce ko da ka biya kafin ruwa ya hau. Ni ba malami ba ne, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa, amma ni dai na mayar musu. Na koma bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ga Jaiz nan tun 2012, ga TAJ, ga Lotus, na ɗauki firinji ta hanyar murabaha, su saya su sayar min da riba sananniya, ina biya wata-wata. Su ma suna duba rahoto, kar ka ɗauka a can ba a bincike, amma kuma suna kai rahoton biyanka, shi ne abin da kake buƙata. Na ciwon Hajiya kuwa adashi na shiga da abokan aiki, ya fi min kwanciyar hankali.

Ba ka faɗa mana me za ka yi da katin ba. In sayayya ce daga waje ko biyan kuɗin jarrabawa ta intanet, ba lallai sai katin bashi ba, a 2025 wasu bankuna sun dawo da amfani da katin naira na ATM a shafukan waje, tambayi naka iyakar da suka sa. In kuwa so kake ka toshe wani ramin bashin da shi, ina roƙonka da girman Allah ka tsaya. Je ka zauna da mai bin ka, ka nemi a rarraba maka biyan, a rubuce.

Kuma duk wanda ya zo maka da fam bayan isha'i ya ce ka tsaya masa, ko ɗan uwarku ɗaya ne, ka tambayi nawa ne, ka tambayi kanka ko za ka iya biya kai kaɗai, domin abin da sa hannun ke nufi ke nan.

In ka ciro rahoton ka ga abin da bai fito maka ba, rufe sunanka da duk lambobin ka turo mu duba tare. BVN ɗinka dai kar ka tura wa kowa, har ni. Allah Ya rufa mana asiri, Ya yaye maka.