Amsa: Wane hoto ya dace a yi wa jaririn da kansa ke ƙara girma?

'Yar'uwa, Allah Ya ba yaronki lafiya. Kin ce watansa 4, kansa na ƙara girma, ana zaton ruwa ya taru, kina tambaya ko sai an yi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu.

Tunda maɗigarsa ba ta rufe ba, a fara da sikanin (ultrasound), irin wanda ake yi wa masu ciki. Ana ɗora na'urar a kan maɗiga, a ga ko ramukan ruwan ƙwaƙwalwa sun faɗaɗa, babu zafi. MRI ya fi nuna inda hanyar ruwan ta toshe, sai dai yana ɗaukar lokaci, wataƙila a ba shi maganin barci. CT, wato hoton X-ray na kwamfuta, yana da sauri, amma akwai radiyeshan, wato hasken da yawansa ke iya cutar da jiki.

In kika ga amai, maɗiga ta kumbura, ko idanunsa na kallon ƙasa, don Allah ki kai shi asibitin koyarwa yau.