Tambaya da Amsa: Na faɗa mata sirrina a ofis, yanzu duk kartiye (unguwa) sun sani

Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar Garwa ce, mijina ya rasu bara ya barni da yara huɗu, makala nake soyawa da safe muna ci. Wata maƙwabciya ce ta kaini wurin wata ƙungiya mai taimakon marayu, asistan sosiyal ɗinsu, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta buɗe min dosiye, wato fayil, tana ta tambaya, tace in faɗi gaskiya babu mai ji sai ita da takarda, shine na faɗa mata cutar ƙanjamau ce ta kashe shi nima ina shan magani. Wallahi ko uwata bata sani ba. Ba'a yi wata ɗaya ba matan da suke sayen makalata suka ɗauke ƙafa, wata ta faɗa min a bakin famfo wai ƙanwar madam ɗin nan ce take bada labari a gidan biki. Anti ina da haƙƙi a kanta ko dai in barta da Allah?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan maigida ya raya abinda ya bari. Na karanta wasiƙarki sau biyu raina na ɓaci, saboda ke baki yi laifin komai ba, amana kika bayar a inda akace miki ana riƙe amana, kuma kina da haƙƙi, har a dokar Kamaru ma. A kundin dokar laifuka na 2016, sashe na 310 yace duk wanda ya tona wani sirri da ya sani ta dalilin aikinsa ba tare da iznin mai sirrin ba, ana iya ɗaure shi wata 3 zuwa shekara 3 da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000. Dokar bata tsaya kan likita da nas kaɗai ba, duk wanda aikinsa ne ya kawo masa maganar ya shiga ciki, asistan sosiyal ma haka. In alƙali ne ya tambaye ta a shari'a wannan daban, amma faɗa ma ƙanwarta a tsakar gida babu wata takarda da ta bata wannan damar.

Sai dai kafin ki ɗaga ƙafa ki zauna ki lissafa su waye suka san maganar nan. Wa yake cikin ɗakin ranar, akwai mai fassara, ƙofa a buɗe take ko a rufe, maƙwabciyar da ta rakaki tana ina zaune lokacin, a inda kike karɓar magani babu wanda ya taɓa ganinki? Bawai ina wanke madam ɗin bane, a'a, ina so ne in kinje ki tsaya da ƙafafunki kada a juya maganar ta koma kin mata ƙazafi. Ki rubuta ranar da kika je, ranar da kika fara jin maganar, da wadda ta faɗa miki, ki lallaɓa ta ki ji ko zata yarda ta maimaita a gaban wani, in akwai saƙon WhatsApp ko murya kada ki goge.

Daga nan ni da nice ke bazan fara da komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba. Ki nemi shugaban ƙungiyar, ki kai masa koke a rubuce ki riƙe kwafi da aka buga ma hatimi, ki ce kina so a cire dosiyenki daga hannunta kuma a gaya miki matakin da aka ɗauka. In suka yi miki shiru akwai delegasiyon na ma'aikatar harkokin jama'a a Garwa, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Kai plent, wato ƙorafi, gaban mai gabatar da ƙara shi ne na ƙarshe, kuma bazan ɓoye miki ba, shari'a tana nufin zaki maimaita maganar gaban wasu mutane kuma, ke kaɗai kika san ko zuciyarki zata ɗauka yanzu. In kika ga baki shirya ba ba ragonta bane, amma ko takardar nan ɗaya ki kai, don bayanki akwai wasu matan da zasu zauna a kujerar da kika zauna.

Abinda yafi damuna kuma shine magani. Nasan mata da yawa in surutu ya tashi sai su daina zuwa karɓa don kada a gansu, ki taimake ni ki taimaki yaran nan kada kiyi haka. Tun 2007 maganin kyauta ne a ƙasar nan, in wurin da kike zuwa ya miki kusa da idon mutane ki roƙi a maida ki wani asibitin, ana yi. Su kuma masu gudun makala, cutar nan bata bi ta abinci ko kwano ko gaisawa, in akwai wata dattijuwa a kartiyen da ake jin maganarta kuma kin yarda da ita, ki fara da ita. Sai mahaifiyarki, tunda magana ta fita gara taji daga bakinki kafin a kai mata a gidan suna. Ki sake rubuto min bayan kin ga shugaban nasu, ina so inji me yace.