Amsa kan asalin sunan Newton

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk mai sunan Newton jinin Isaac Newton ne, wato masanin kimiyyar nan na Ingila, kuma ko garuruwan da ake kira Newton sunansa suka ci. Akasari ba haka ba ne. Shi masanin bai yi aure ba har ya rasu a 1727, bai bar ɗa ko jika ba, kuma sunan ya girme shi da ɗaruruwan shekaru.

A tsohon Turanci ma'anarsa sabuwar gona ko sabon ƙauye. Mutane su sare daji su kafa gidaje, sai maƙwabta su riƙa cewa "sabon wurin can", suna ya zauna. Shi ya sa ƙauyukan Newton suka yi yawa a Ingila, kamar yadda ba ka rasa Sabon Gari ko Sabon Gida a ƙasar Hausa. Akwai Newton Abbot a yankin Devon, akwai kuma Newton a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda Turawan da suka yi ƙaura suka kafa.

Yadda ya koma sunan mutane kuwa, bayan Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 ne sunan dangi ya fara kankama. Mutum ya bar ƙauyensu, a kira shi wane na Newton, 'ya'yansa su gada. Mu ma ai haka muke, dubi Shehu Shagari da Aminu Kano. To ka ga Newton biyu na iya haɗuwa ba su haɗa kaka ba.

Abin da ya ci sunan masanin da gaske shi ne ma'aunin ƙarfi da ake koyarwa a darasin fiziks, wanda aka amince da shi a 1948.