Daga Kano zuwa Legas: wace taga ce ta fi kyan kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi tafiya daga Kano zuwa Legas, kuma wannan ne karon farko da zan hau jirgin sama. Ina son in ga ƙasa sosai daga sama. Wace kujera zan nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya kai ka lafiya. Kafin ka duba lambar kujera, duba lokacin tashin jirgin, domin inda rana take ne zai nuna maka ɓangaren da za ka zauna. Idan rana ta haske tagarka kai tsaye, gilashin roba ne mai 'yan karce-karce, sai ya yi ta ƙyalli, ƙasa ta koma fari fat, ka ƙare da rufe tagar. In kuwa rana na ɗaya ɓangaren, haskenta zai sauka a kan abin da kake kallo, har ka bambance jar ƙasa da koren fadama.

Mai zuwa Legas daga Kano kudu maso yamma ya nufa. Da safe rana na hagunsa, don haka nemi tagar dama. Bayan la'asar kuma ka koma hagu. A jirage masu kujera shida a jere, irin Boeing 737 da Airbus A320, A ce tagar hagu, F ta dama.

Sai fiffike. Layukan tsakiya a kansa suke, ba abin da za ka gani sai farantin ƙarfe. Gaba da shi ya fi. In ba ka samu ba, tafi can baya sosai, duk da cewa zafin da injin ke fesowa kan sa hoto ya riƙa rawa. Ka kuma tambayi mai ba da katin shiga, saboda a wasu Boeing 737 akwai kujerar gefe ta hagu, gab da fiffike, wadda bango ne kawai a jikinta.

Tafiyar ba ta wuce kimanin awa ɗaya da rabi, kuma abin da ba na so ka rasa shi ne Kogin Kwara. Bayan an wuce rabin hanya za a tsallaka shi, kowane ɓangare na ganinsa: ruwa mai faɗi yana lanƙwasa, da tsibiran rairayi a tsakiyarsa lokacin rani. In jirgin ya bi miƙaƙƙiyar hanya, na hagu kan hango Kaduna da tafkin Shiroro, na dama kuma wajajen Jebba da Ilori. Matuƙi kan karkata saboda hadari, sai lissafin ya ɗan sauya.

Wata ma na da nasa tasiri. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan lulluɓe komai, ko Dutsen Dala ba lalle ka hango ba. Na fi son Oktoba: ruwa ya wanke sama, gonaki ba su bushe ba tukuna.

A dawowa ka riƙe A, musamman da safe. Yawanci jirage kudu suke fuskanta in za su tashi daga filin jirgin Legas da ke Ikeja, sai ruwan Legas da doguwar gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 su faɗo hagunka kafin jirgin ya juya arewa.