Amsa: Zuciyata na tsallake bugu, amma gwaji bai nuna komai ba

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce zuciyarki kan yi fat-fat ta tsallake bugu, amma ECG, wato gwajin bugun zuciya, ya fito lafiya lau. Ba abin mamaki ba ne, gwajin na 'yan daƙiƙu ne, in abin bai taso a lokacin ba, ba zai kama shi ba. Ki nemi likita ya ɗaura miki na'urar Holter, wadda ake kwana da ita awa 24 zuwa 48 tana naɗar bugun zuciya. A duba jini ma, don ƙarancin jini kan jawo haka.

Magani sai an gano irin matsalar: wani ƙwaya ta ishe shi, wanda bugunsa ya yi jinkiri sosai kuwa akan dasa masa na'urar daidaita bugu. Don Allah kar ki sha maganin wani. In kika suma, ko ƙirji ya riƙe, ki tafi asibiti nan take.